Ƙafa ce ta zama baki: yadda jikin fara, kunama da danginsu ya samo fasalinsa

Duk wanda ya taɓa sayen soyayyar fara a ƙunshin takarda, irin wacce ake barbaɗa wa yaji da gishiri a Maiduguri ko Kano ko Maraɗi, to ya riƙe babban darasin ilimin halittu a tafin hannunsa, sai dai mafi yawanmu bama tsayawa mu duba, fizge ƙafafun nan na baya masu ƙaya kawai muke yi mu jefa sauran a baki. Ni ma haka nake yi shekara da shekaru, sai wata rana da yamma ina zaune a bakin shago na ɗauki wata babba wadda suya bata lalata mata kai ba, na sa tsinken sakace na buɗe bakinta. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne muƙamuƙinta ba sama da ƙasa yake buɗewa ba irin namu ko na akuya, hagu da dama yake buɗewa, guda biyu ne baƙaƙe masu tauri suna haɗuwa a tsakiya kamar awartaki. A ƙasansu kuma ga wasu ƴan siraran abubuwa guda huɗu suna reto, kowanne da gwiwoyinsa, wallahi in ka cire ɗaya ka ɗora a farar takarda zaka rantse ƙafar wani ƙaramin ƙwaro ce.

Ashe ba kama bace kawai, ƙafar ce da kanta. Muƙamuƙin fara ƙafafu biyu ne, ta hagu da ta dama, da suka gajarce suka yi tauri suka koma tauna, shi yasa suke aiki ta gefe. Waɗancan masu reton kuma ragowar wasu ƙafafun ne da ke bayansu. Wannan magana ɗaya ita nake so mu bi a hankali, domin ita ce mabuɗin fahimtar dangin dabbobin da suka fi kowane dangi yawa a duniya.

Masana suna kiran dangin Atropoda, kalmar Girkanci ce mai nufin masu ƙafa mai gwiwoyi. A ciki akwai fara da sauro da ƙuda da zuma da gara da kyankyaso, akwai gizo-gizo da kunama da kaska, akwai shanshani da ƙadandoniya, sannan a ruwa ga kaguwa da jatan lande. Wajen kashi 80 cikin 100 na duk nau'in dabbobin da aka sa wa suna a littafin kimiyya ƴan wannan gidan ne, ƙwari masu ƙafa shida kaɗai sun kai nau'i miliyan ɗaya da aka rubuta. A makaranta an koya mana mu haddace cewa ƙwaro yana da kai da ƙirji da ciki da ƙafa shida, gizo-gizo kuma kashi biyu da ƙafa takwas, muka rubuta a jarabawa muka wuce, kuma gaskiya wannan yana min ciwo har yanzu, domin ba a taɓa ce mana me yasa shida ba, me yasa takwas ba, alhali amsar ita ce wajen da daɗin karatun yake.

Ka ɗauki rake ka kalle shi, gaɓa ce bayan gaɓa duk iri ɗaya. Haka asalin jikin waɗannan dabbobi yake, gaɓa bayan gaɓa, kowace gaɓa tana da ƙafa ɗaya a hagu ɗaya a dama, da ɗan ƙullin jijiya nata na kanta, an rufe ta da ɓawo mai tauri kamar sulke. Shanshani da ke fitowa daga ƙarƙashin buhu da damina shi ne ya fi nuna wannan a fili, babban nan mai ja-ja yana da gaɓoɓi 21 masu ƙafa, kusan duk kamarsu ɗaya. Amma ko shi ɗin, abin da yake harbi da shi ba haƙori bane, ƙafafun gaɓar farko ne da ke bayan kai suka lanƙwasa gaba suka zama allurar dafi. Kunama kuma waɗannan manyan awartakan nata biyu da take kama kyankyaso da su, ƙafafu ne. Gizo-gizo, ƴan bututun da ke can ƙarshen cikinsa da yake fitar da zare, su ma asalinsu ƙafafu ne. Sauron da ya hana ka barci jiya, cikin allurai shida da ke ɓoye a bakinsa, huɗu muƙamuƙai ne irin na fara da suka miƙe suka yi tsini, kuben da ya rufe su kuma wasu ƙafafun ne biyu da suka manne. Eriyar da ke kan kyankyaso ma haka. Wato kaya iri ɗaya ne ake ta jujjuyawa, a nan a yi wuƙa da shi, a can a yi allura, a can a yi filafilin iyo.

Sannan gaɓoɓin basu zauna a warwatse ba, sun haɗu rukuni-rukuni kowane rukuni da aikinsa. A fara, wajen gaɓoɓi shida na gaba sun narke cikin juna sun zama kai, wajen gani da shinshina da ci. Uku na tsakiya sun zama ƙirji, kowace da ƙafa biyu, ga shidan nan kenan, fuka-fukai kuma suna kan ta biyu da ta uku. Sauran, waɗanda asalinsu goma sha ɗaya ne, suka zama ciki ba ƙafa ko ɗaya. A gizo-gizo da kunama an yi rabon daban, kai da ƙirji babu iyaka a tsakaninsu, ƙafafun tafiya takwas, kuma basu da eriya kwata-kwata. An daɗe ana zaton gaɓar eriyar ɓacewa tayi a jikinsu, sai a 1998 binciken da aka yi a kan ƴan tayin gizo-gizo da na wani ƙaramin ɗan uwan kaska ya nuna gaɓar tana nan, ita ce ta ba da haƙoran dafin nan biyu da ke gaban bakin gizo-gizo. Abin da kyankyaso yake shinshina da shi, da shi gizo-gizo yake kisa.

Na san da an ambaci juyin halitta wasu sai ransu ya sosu, to ni abin da zan kawo abu ne da aka haƙo daga dutse yana nan ajiye a gidajen tarihi, da abin da aka gani da ido ƙarƙashin maikiroskof, kuma ni dai duk sanda na zurfafa a cikinsa ƙara girmama Mahalicci nake yi.

A 1909 wani Ba'amurke mai suna Charles Walcott ya ci karo da wasu duwatsu a tsaunukan yammacin Kanada, wajen da ake kira Burgess, masu shekara wajen miliyan 508, kuma abin da ya sa suka yi fice shi ne ba ɓawo kaɗai suka adana ba, har da sassa masu laushi, hanji da ido da ƙafa. A 1984 kuma Hou Xianguang ya gano irinsu a Chengjiang da ke lardin Yunnan na ƙasar Sin, su sun ma fi tsufa, wajen miliyan 518. Karanta waɗannan duwatsu ba ƙaramar wahala ya ba masana ba. Akwai wani abu da aka samu tun 1892 mai kama da jikin jatan lande marar kai, aka sa masa suna Anomalocaris, akwai wani kuma mai kama da yankan abarba da rami a tsakiya aka ce wata dabbar ruwa ce daban, shekaru kusan ɗari ana tafiya a haka, sai a 1985 Harry Whittington da Derek Briggs suka nuna ai sassan jikin dabba iri ɗaya ne, wancan mai kama da jatan landen hannun kamu ne da ke gaban kai, yankan abarbar kuma baki ne. Dabbar ta kai kusan rabin mita, tana iyo da wasu filafilai jere a gefenta, tana da manyan idanu irin na mazari, wani ɗan uwanta da aka samu a Ostireliya an ƙirga ƙananan madubai sama da 16,000 a idonsa ɗaya. Wata kuma mai suna Hallucigenia, a 1977 an zana ta a kife, ƙayoyin bayanta aka ɗauka ƙafafu, sai a 1991 da aka samu ƴan uwanta a Sin aka juyo ta daidai, sai ga tsutsa mai ƙafafu masu laushi kamar ƴan yatsun safar hannu.

In ka jera waɗannan halittu sai ka ga hanya. Da farko tsutsa ce mai laushi mai ƙafafu marasa gwiwa, kuma irinta bata ƙare ba, har yau akwai wata tsutsa mai jikin karammiski a dazuzzukan masu danshi da take tafiya a kan irin waɗannan ƙafafu. Daga nan sai masu filafilan iyo da hannun kamu a gaba. A Anomalocaris hannun nan na gaba ne kaɗai ya yi tauri ya samu gwiwoyi, sauran jikin da laushinsa, wato ƙafa mai gwiwa ta riga sulken jiki zuwa. Daga baya ne aka bi duk sauran ƙafafun da wannan tsari, sannan gaɓoɓin jiki suka samu faranti mai tauri. Nahiyarmu ma tana da babban kaso a labarin nan, a kudancin Maroko kusa da Zagora an haƙo wani ƙaton ɗan gidan su Anomalocaris mai tsawon mita biyu, shekarunsa wajen miliyan 480, aka sa masa suna Aegirocassis a 2015, kuma shi ne ya nuna cewa filafilan layi biyu ne a kowane gefe, na sama da na ƙasa, waɗanda ake ganin haɗuwarsu ce ta haifar da ƙafa mai reshe biyu, reshe ɗaya na tafiya ɗaya na numfashi, irin ta su jatan lande. Tirailobait kuwa, wasu tsofaffin ƴan gidan masu sulke da suka rayu a teku, waɗanda ake sayar da duwatsunsu a kasuwannin Maroko, sun bayyana wajen shekara miliyan 521 da suka wuce suka ƙare a miliyan 252, kuma in ka juya cikinsu zaka ga ban da eriya kusan duk ƙafafunsu iri ɗaya ne daga kai har wutsiya. Tsofaffin kenan, ƙafafu da yawa masu kama ɗaya. Na baya kuma ƙafafu kaɗan, kowacce da sana'arta.

To amma dutse siffa kawai yake nuna maka, baya gaya maka yadda ake ƙera ta. Wannan sai an shiga cikin ƙwai, kuma wanda ya buɗe mana ƙofar shi ne ɗan ƙaramin ƙudan nan mai jan ido da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko bawon ayaba, Drosophila. Ƙwansa bai wuce rabin milimita da yawa ba, kuma cikin kwana ɗaya tsutsa take fita daga ciki da gaɓoɓinta cif. A ƙarshen shekarun 1970 a Heidelberg ta Jamus, Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus suka zauna gaba da gaba a maikiroskof ɗaya mai wajen kallo biyu, suna lalata ƙwayoyin gado na ƙudan, wato umarnin ginin jiki da ake gada daga iyaye, ɗaya bayan ɗaya suna duba dubban tsutsotsin da suka mutu don su ga me ya ɓace, suka fitar da sakamakon a 1980. Abin da aka gano daga aikinsu da wanda ya biyo baya shi ne uwa tun kafin ta saki ƙwan take ajiye wani saƙo a gefe ɗaya, sinadarin da ke fita daga saƙon yana da yawa a nan yana raguwa har zuwa ɗaya gefen, kamar yadda ƙanshin turaren wuta yake da ƙarfi kusa da kasko yana raguwa zuwa ƙofa, to da wannan ne kowane wuri yake sanin nisansa daga kai. Sai wasu ƙwayoyin gado su karanta wannan su yanka ƙwan manyan yankuna, wasu su karanta yankunan su zana zane bakwai a gicciye, wasu kuma su raba bakwai ɗin su zama goma sha huɗu. In aka rina ƙwan a wannan lokaci zaka ga zanen da idonka kamar na jakin dawa, tun babu ƙafa babu ido babu komai.

Sai dai ƙuda mai gaggawa ne, yana yanka gaɓoɓinsa duka a lokaci guda. Yawancin dangin ba haka suke yi ba, kai suke fara yi sannan daga baya su dinga ƙara gaɓa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai saƙar tabarma. A 2012 an nuna a jikin ɗan jan ƙwaron nan da ke shiga garin fulawa cewa wasu ƙwayoyin gado a ƙarshen ɗan tayin kunnuwa suke suna mutuwa suna sake kunnuwa kamar bugun agogo, kowane zagaye ya bar sabon zane. Agogon ya daɗe yana bugawa ka samu doguwar dabba, a 2021 an zaƙulo wata ƙadandoniya daga rami mai zurfin mita 60 a yammacin Ostireliya mai ƙafa 1,306. Kuma wani abin sha'awa, duk shanshanin da ya girma yawan gaɓoɓinsa masu ƙafa mara ne, 15 ko 21 ko 23 har zuwa 191, ba a samun cika.

Yanka gaɓoɓi rabin aiki ne. Ka ɗauka an gina layin shaguna goma sha huɗu a kasuwa, magini ɗaya, bulo ɗaya, girma ɗaya, to wa zai ce wannan na tela ne, wannan na mai magani, wancan sito ne a kulle shi? Masu wannan rabon su ne ƙwayoyin gadon da ake kira Hox, kuma a nan ne nake ganin zuciyar maganar take. Tun 1894 William Bateson ya tattara labarin dabbobin da wani sashen jikinsu ya fito da siffar wani sashen, kamar ƙwaro mai ƙafa a gurbin eriya. A 1915 Calvin Bridges ya samu ƙudan da ya gaji irin wannan matsala. Ka san ƙuda da sauro fiffike biyu kawai suke da shi ba huɗu ba, na bayan sun ƙanƙance sun zama wasu ƴan abubuwa kamar kan ashana, da su suke jin juyawar jikinsu in suna tashi, in ka kama babban sauro ka duba bayan fiffikensa zaka gansu. Edward Lewis ya shafe shekaru sama da talatin a Kalifoniya yana haɗa auren irin waɗannan ƙudaje har ya fitar da ƙuda mai cikakkun fuka-fukai huɗu, domin da ya kashe aikin ƙwayar gado ɗaya mai suna Ubx a gaɓar ƙirji ta uku, sai gaɓar ta ɗauka ita ce ta biyu ta gina abin da ta biyu take ginawa. Wata kuma mai suna Antennapedia, in aka kunna ta a kai inda ba wurinta ba, sai ƙafa sosai mai gwiwoyi ta tsiro a gurbin eriya. Da eriya ba ƴar uwar ƙafa bace da hakan bata yiwu ba. Lewis da waɗancan biyun na Heidelberg su suka karɓi kyautar Nobel a 1995.

Ƙuda yana da Hox guda takwas, kuma jerinsu a kan zaren DNA ya bi jerin jiki, ta farko tana aiki a kai, ta ƙarshe a wutsiya. A 1984 aka gano dukkansu suna da wani guntun rubutu iri ɗaya mai harafi 180, kuma da aka nemi wannan guntun a wasu dabbobi sai gashi a kwaɗo da ɓera da mutum, mu ma da irinsu ake bambanta ƙashin wuya da na haƙarƙari. Da farko masana sun yi zaton to shikenan, dabba mai sassa kala-kala ita ce mai Hox da yawa, mai sauƙin jiki kuma kaɗan gare ta. A 1997 aka duba tsutsar karammiskin nan wadda ƙafafunta duk iri ɗaya ne, sai aka tarar tana da cikakken jerin, har da Ubx, ita da bata da fiffike bata da ƙirji. Kenan kayan aikin sun riga duk waɗannan siffofi zuwa, tun kafin zamanin duwatsun Burgess suna nan. Abin da ya dinga canzawa shi ne inda kowacce take fara aiki da inda take tsayawa, da kuma umarnin da take bayarwa in ta isa.

Misalin da ya fi gamsar da ni na ƴan ruwa ne. Michalis Averof da Nipam Patel a 1997 suka duba dangin jatan lande daban-daban, suka ga wanda Ubx take aiki tun daga gaɓar farko ta ƙirjinsa ƙafafunsa duk na iyo ne, wanda kuma ta ja baya da gaɓa ɗaya ko biyu, to daidai wannan adadin ƙafafun nasa na gaba sun ƙanƙance sun koma hidimar baki suna tura abinci. A 2009 aka rage ƙarfin Ubx da gangan a wani ƙaramin ɗan gidan mai suna Parhyale, sai ƙarin ƙafafu suka koma na baki. Kaga an matsar da iyaka ɗaya kawai, fasalin dabba ya canza.

Amsar ƙafa shida ma a nan take. Akwai ƙwayar gado mai suna Distal-less wadda sai ta kunnu ƙafa take tsirowa ta yi tsawo. A jikin ƙwari, Ubx da maƙwabciyarta abd-A suna danne ta a gaɓoɓin ciki, shagunan suna nan amma an sa musu kwaɗo. Ɗan tayin fara a cikin ƙwai har yana fara fitar da ƴan tsiro a gaɓar farko ta ciki kafin su bushe. Tsutsar malam-buɗe-littafi kuwa, irin wadda ke cin ganyen masara, in ka juya ta zaka ga ƙafa shida na gaskiya a gaba masu tsini, sai wasu ɓulɓul a ciki da take manne wa ganye da su, an gano a daidai waɗannan wuraren ana kashe masu dannewar ne a ƴan ɗigo-ɗigo sai tsiro ya samu hanya. Kuma Ubx ɗin nan dai ɗaya, a ƙuda tana ƙanƙantar da fiffiken baya, a malam-buɗe-littafi tana canza masa zane da launi, a buzuzu da danginsa kuma ita ce take barin na bayan da laushinsa don tashi yayin da na gaban ya zama murfi mai tauri.

DNA ta kuma rushe wasu zumuntar da aka daɗe da yarda da su. Kusan shekara ɗari biyu ana cewa tana, tsutsar nan ta cikin ƙasa mai danshi, ita ce ƴar uwar waɗannan dabbobi tunda ita ma zobe-zobe ce, a 1997 aka nuna ba haka bane, sun fi kusa da tsutsar ciki irin mai kama da taliya, abin da ya haɗa su kuwa shi ne saɓa. Sannan ƙwari da ake ta haɗa su da shanshani saboda duk a tudu suke, ashe reshe ne a cikin gidan su kaguwa da jatan lande. Fara jatan landen tudu ce in ka so. Jatan lande yana da eriya huɗu, fara biyu, amma a ɗan tayin fara gaɓar eriya ta biyun tana nan babu komai a kanta. Fiffike kuma an yi fiye da ƙarni ana jayayya, wasu suna cewa fatar baya ce ta miƙe, wasu suna cewa reshen ƙafa ne, sai a 2020 Heather Bruce da Patel suka kawo hujja daga Parhyale cewa gindin ƙafar kakannin ƙwari ne ya shige cikin bangon jiki, wani ɗan faifai da ke kansa ya zama fiffike, in haka ne to kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya.

Sulke yana da tsada fa. Baya girma, sai dai a tuɓe shi a yi sabo, kuma a ƴan awannin nan dabbar laushi ce tuɓus kowa zai iya cinye ta. Farin kyankyason da wani lokaci kake gani a bayan kwaba ba wani nau'i bane daban, wanda ya gama saɓa ne yanzu bai bushe ba. Kaska ma da makiyaya suka sani, tana ƙyanƙyashewa da ƙafa shida ne, sai ta sha jini tayi saɓa sannan na bakwai da takwas su fito. Numfashi ta ƴan bututu da ke buɗe a gefen jiki shi ma yana taƙaita girma, shi yasa ake danganta ƙattin zamanin da, irin mazarin da faɗin fuka-fukansa ya kai santimita 70 da ƙadandoniya mai mita biyu da rabi wajen shekara miliyan 300 baya, da yawan iskar oksijin na lokacin. Amma saɓar nan ita ce ta ba da damar jiki biyu a rayuwa ɗaya, ɗan sauro yana wutsil-wutsil a cikin randa yana tace ƙazanta da gashin bakinsa, a cikin jikinsa kuma an ajiye ƴan tarin sel, wato ƙananan ƙwayoyin da ake gina jiki da su, da za su gina fiffike da ƙafa da allura in lokaci yayi, sama da kashi 80 cikin 100 na nau'in ƙwari haka suke rayuwa.

Wasu kuma sun bi hanyar zubar da kayan gaba ɗaya. Akwai wata halitta mai suna Linguatula da ke zama cikin hancin kare, farar aba ce shimfiɗaɗɗiya kamar harshe, ba ido ba eriya ba ƙafar tafiya, sai ƙugiyoyi huɗu a gefen baki da take maƙalewa da su. Ƴaƴanta suna kwanciya a hanta da sauran kayan cikin tumaki da awaki da raƙuma, kuma a Sudan an san ciwon maƙogwaron da take jawo wa masu cin ɗanyen kayan ciki da ake kira marara, mutum ya gama ci ba da jimawa ba ya ji ƙaiƙayi da kumburi a wuya. Duk wanda ya gan ta tsutsa zai ce, masana ma sun daɗe basu san gidan da za su sa ta ba. Sai a 1972 aka lura maniyyin danginta iri ɗaya ne da na wata ƙwarƙwatar kifi, a 1989 binciken ƙwayoyin gado ya goyi bayan haka, aka mayar da ita gidan su kaguwa, kuma ƴarta da ke cikin ƙwai tana da ƴan gajerun ƙafafu huɗu masu farce waɗanda take huda hanjin akuya da su.